Shin Ko Kun San? Lafiyar Haƙori Tsakanin Burushi, Zare da Aswaki

Duk wanda ya bi titin Zariya a Kano bayan sallar asuba, daga Dangi har Unguwa Uku, ya leƙa lungunan Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni, zai ga abin da ido ya saba da shi: magidanci a tsugune bakin kwata da buta, burushi ko aswaki a baki, yara 'yan makaranta kuma sun yi layi gaban uwa tana matsa musu makilin. Wanke baki da safe ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Duk da haka, da wuya a shiga gida a rasa mai kogon haƙori, ko mai dasashi mai jini, ko dattijon da ya haƙura da tsire tun bai kai shekara 60 ba. Ba gogewar ce ba ma yi. Matsalar tana ga lokacin da muke yin ta, da yadda muke yi, da lungunan da muke tsallakewa. A kan wannan filin namu zai tsaya yau.

ABIN DA KE CIKIN BAKI

Shin ko kun san cewa farin ɓawon da ya lulluɓe haƙori ya fi ƙashi tauri? Babu abin da ya kai shi ƙarfi a jikin ɗan Adam, domin kusan kashi 96 cikin 100 nasa ma'adini ne. Amma yana da rauni guda. Ƙashi in ya karye yana haɗewa, fata in ta yage tana warkewa, shi kuwa in ya rarake ya yi kogo, ba ya sake tofowa. Sai dai likita ya cike gurbin.

Shin ko kun san cewa farin abin nan mai danƙo da ke fitowa in an kankari gindin haƙori da farce ba ragowar tuwo ba ne? Dandazon ƙwayoyin bakteriya ne da suka manne wuri ɗaya. Masana sun gano nau'i sama da 700 da ke iya zama a bakin mutum. Wanda ya fara ganinsu wani ɗan kasuwar yadi ne a garin Delft na ƙasar Holan, Antoni van Leeuwenhoek. A 1683 ya kankaro dattin haƙoransa, ya sa a ƙarƙashin madubin da ya haɗa da hannunsa, ya ga halittu suna ta motsi. Wannan danƙo shi ne abokin gaba, kuma sa'o'i kaɗan bayan an goge shi yake fara dawowa.

Shin ko kun san cewa babu tsutsa a cikin haƙori? Ba Bahaushe kaɗai ya yarda da ita ba, mutanen tsohuwar Iraƙi ma sun rubuta labarinta dubban shekaru da suka wuce. Abin da ke faruwa shi ne, ƙwayoyin da ke cikin danƙon nan suna cin sukarin da ya saura a baki, su fitar da asid, asid ɗin kuma ya riƙa zaizaye ɓawon haƙori sannu a hankali har ya huda shi. Wani likitan haƙori Ba'amurke da ya yi aiki a Jamus, Willoughby Miller, ya bayyana haka tun 1890. Don haka mai maganin da ya ce zai turara muku hayaƙi ya fito da tsutsa, kogon da ya tarar shi zai bari.

Shin ko kun san cewa danƙon da aka bari na 'yan kwanaki yana sandarewa ya zama kanta? Ita ce wadda ake gani rawaya ko ruwan ƙasa a bayan haƙoran gaba na ƙasa. Da zarar ta kafu, burushi ba ya cire ta, aswaki ma haka. Sai ma'aikacin haƙori ya kankare ta da na'ura. Masu cewa wankin haƙori a asibiti yana sa haƙora su yi giɓi, abin da suke gani gurbin kantar ne da ta riga ta cinye dasashi.

Shin ko kun san cewa rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2022 ya ƙiyasta kusan mutum biliyan 3.5 ne ke fama da cututtukan baki? Kusan rabin mutanen duniya ke nan. A cikinsu akwai yara sama da miliyan 500 masu ruɓewar haƙoran farko. Mafi yawan wannan wahala ana iya kauce mata daga tsakar gida.

BURUSHI DA MAKILIN

Shin ko kun san cewa gogewar dare ta fi ta safe muhimmanci? In za ku riƙe abu ɗaya tak daga wannan shafi, ku riƙe wannan. Yawu shi ne mai gadin baki. Jiki yana samar da rabin lita zuwa lita 1.5 a kullum, yana wanke ragowar abinci, yana kashe kaifin asid, yana mayar wa haƙori ma'adinin da ya rasa. Amma da mutum ya yi barci, sai yawu ya ja baya ƙwarai. Wanda ya ci tuwo, ya bi da shayi mai sukari a teburin mai shayi, ya kwanta bai goge ba, ya bar wa ƙwayoyin cuta abinci da fili na sa'a 7 ko 8 babu mai gadi. Gogewar safe tana gyara numfashi. Gogewar dare ita ke ceton haƙori. Bayan ta, kada a ƙara sa komai a baki sai ruwa.

Shin ko kun san cewa minti 2 ake buƙata, alhali yawancin mutane ba sa cika minti 1? Ku gwada da agogon waya, za ku sha mamaki. Hanya mai sauƙi ita ce a raba baki gida 4: sama dama, sama hagu, ƙasa dama, ƙasa hagu. Kowane gida a ba shi daƙiƙa 30. A kowane gida a bi waje, a bi ciki ta ɓangaren harshe, a bi saman da ake tauna. Cikin nan shi aka fi mantawa, kuma nan kanta ta fi taruwa.

Shin ko kun san cewa ba haƙori kaɗai ake gogewa ba, har da iyakarsa da dasashi? A nan datti ke ɓuya. Ku karkata gashin burushi ya fuskanci dasashi, ba a miƙe sak ba, ba kuma a kwance ba, tsaka-tsaki. Sai ku riƙa ɗan jujjuya shi a kan haƙora biyu ko uku, sannan ku share daga dasashi zuwa bakin haƙori, ku matsa gaba. Bayan haƙoran gaba kuwa, a tsayar da burushi a tsaye a yi amfani da kansa. A ƙarshe a goge harshe daga ciki zuwa waje, domin yawancin warin baki daga bayan harshe yake tasowa.

Shin ko kun san cewa burushi mai tauri ɓarna yake yi? Da yawa in sun je kanti a kasuwar Tarauni sukan ce a ba su mai ƙarfi, wai ya fi fitar da datti. Danƙon haƙori laushi gare shi, ba ya buƙatar dirza irin ta bayan tukunya. Dirzar ƙarfi daga dama zuwa hagu tana zaftare wuyan haƙori, tana tura dasashi baya, saiwa ta fito fili. Daga nan sai ruwan sanyi ko iskar hunturu su riƙa sa haƙori tsami har cikin kai. Ku zaɓi mai laushi, mai ƙaramin kai da zai kai ga turame na can ƙarshe, ku riƙe shi kamar alƙalami.

Shin ko kun san cewa kalmar makilin sunan wani man goge baki ne na Ingila, Macleans, da ya bi bakinmu har ya zama sunan kowane iri, kamar yadda Omo ya zama sunan garin wanki? To amma ba suna ko yawan kumfa ne ke aiki ba. Sinadarin fulorayid ne. Shi ke shiga ɓawon haƙori ya ƙara masa juriya ga asid, har ya gyara zaizayar da ba ta kai ga kogo ba. Garin Grand Rapids na Amurka ne ya fara zuba shi a ruwan famfo a 1945, kuma a 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa man goge baki mai fulorayid a jerin magungunan da ba a rasa su. Kafin ku saya, ku juya bayan kwalin. Ku nemi lambar fulorayid da ke tsakanin 1,000 da 1,500 ppm, ku duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa.

Shin ko kun san cewa kurkure baki da ruwa bayan an goge yana wanke amfanin makilin? Wannan ya saɓa wa abin da muka taso a kai, domin mun saba a bi da buta har sai baki ya yi sakayau. Likitocin haƙori kuwa cewa suke a tofar da kumfar kawai, a bar ɗan abin da ya saura ya ci gaba da aiki a jikin haƙori. In ana son kurkure baki, a yi kafin gogewa. Kwana uku na farko za a ji wani iri, daga nan sai a saba.

Shin ko kun san cewa bai kamata a goge baki nan take bayan shan abu mai tsami ba? Zoɓo, kunun tsamiya, lemon tsami da lemon kwalba suna tausasa ɓawon haƙori na ɗan lokaci. In burushi ya hau kansa a wannan hali, kankare shi yake. A kurkure da ruwa, a jira kamar minti 30. Haka ma bayan amai, musamman ga masu laulayin ciki.

Shin ko kun san cewa burushi yana tsufa a wata 3 zuwa 4? In gashinsa ya baje kamar tsohuwar tsintsiya tun kafin haka, alama ce ana danna shi da yawa. Bayan an gama a ɗauraye shi, a tsayar da shi kai sama a inda iska za ta busar da shi, nesa da masai. Kada a cusa shi a leda ko a jaka yana jiƙe. Kuma ba a aron burushi, ko tsakanin miji da mata, domin dasashi yakan yi jini, jini kuma yana ɗaukar cuta irin ta ciwon hanta.

Shin ko kun san cewa burushin farko da gashin alade aka yi shi? A ƙasar Sin aka ƙirƙiro shi, aka dasa gashin a jikin ƙashi ko gora. William Addis ya fara ƙera shi da yawa don sayarwa a Ingila wajen 1780. Sai a 1938 kamfanin DuPont ya kawo gashin nailan, wanda shi ne a hannunmu yau.

TSAKANIN HAƘORA

Shin ko kun san cewa kowane haƙori fuska 5 gare shi, burushi kuma 3 kaɗai yake kaiwa sosai? Akwai ta waje, ta ciki, da ta sama. Sauran biyun suna manne da maƙwabta, dama da hagu. Wanda yake goge baki sau biyu a rana amma bai taɓa share tsakanin haƙoransa ba, kamar mai sharar ɗaki ne da bai taɓa ɗaga tabarma ba. A wannan matsatsi ne kogo ke farawa a ɓoye, ciwon dasashi ma nan yake kafa gindi.

Shin ko kun san cewa zaren sakace ya haura shekara 200 a duniya? Wani likitan haƙori na birnin New Orleans a Amurka, Levi Spear Parmly, shi ya shawarci mutane su riƙa zura zaren siliki tsakanin haƙora, ya kuma rubuta haka a 1819. An fara sayar da shi a 1882, sannan nailan ya maye gurbin siliki a shekarun 1940. In kun je kemis ko babban kanti, ku ce a ba ku fulos. Akwai na naɗi, akwai kuma mai ɗan mariƙin roba wanda ya fi sauƙi ga sabon koyo.

Shin ko kun san cewa ma'aunin zaren da ake buƙata kamu 1 ne, wato daga gwiwar hannu zuwa kan yatsa, kimanin santimita 45? A naɗe yawancinsa a dogayen yatsun tsakiya na hannu biyu, a bar ɗan tsakani kamar gaɓa biyu, a riƙe da babban yatsa da manuni. A zura shi tsakanin haƙora a hankali, ana ɗan ja gaba da baya, kada a buga shi kan dasashi. In ya shiga, a lanƙwasa shi ya rungumi haƙori ɗaya kamar lauje, a goga sama da ƙasa har ya ɗan nutsa ƙarƙashin bakin dasashi. Sai a juya shi ya rungumi maƙwabcin, a maimaita. Kowane tsakani a warware sabon wuri mai tsabta. Kada a manta da bayan turmi na ƙarshe. Sau 1 a rana ya isa, kuma ya fi dacewa da dare kafin burushi, don makilin ya samu hanyar shiga. Masu wushirya ko faffaɗan tsakani, akwai ɗan siririn burushi da aka yi domin su.

Shin ko kun san cewa sakace da zare ba aiki ɗaya suke yi ba? Tsinke yana zaƙulo naman balangu, ko zaren mangwaro, ko ɓawon gasasshiyar masara da ya maƙale. Danƙon da ya lafe a jikin haƙori kuwa, yana nan inda yake. Tsinken tsintsiya, ashana, allura, fil da bakin reza sun fi muni, domin suna soke dasashi, suna buɗa tsakanin da a da babu shi, gobe abinci ya ƙara samun wurin zama. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Zaren ɗinki da zaren buhu su ma suna yanka dasashi.

Shin ko kun san cewa jinin dasashi ba dalilin daina gogewa ba ne? Lafiyayyen dasashi ba ya jini. In ya yi, kumburi ne da datti ya jawo, kuma maganinsa shi ne a ci gaba da tsabtace wurin a hankali kullum. Yawanci cikin mako 1 zuwa 2 jinin ke tsayawa. In ya wuce haka, a ga likita. A wannan mataki ciwon yana warkewa sarai. In aka bar shi ya gangara ya fara cin ƙashin da ke riƙe da haƙori, abin da ya tafi ba ya dawowa, sai a ga haƙori lafiyayye yana girgiɗi. Masu shan taba su yi hattara, domin taba tana ɓoye jinin alhali ciwon yana ci ta ciki.

ASWAKI

Shin ko kun san cewa aswaki ya riga burushi da dubban shekaru? A wurinmu kuma ya wuce tsabta kawai, sunna ce. Bukhari da Muslim sun ruwaito yadda Manzon Allah (SAW) ya kwaɗaitar da yin sa a kowace salla, kuma Nana A'isha (RA) ta ba da labarin cewa da shi yake farawa in ya shiga gida. Wanda alhazai ke kawowa tsaraba, ake kuma shimfiɗawa a ƙofar masallatai ranar Juma'a, saiwar itacen da Larabawa ke kira arak ce, kuma yana fitowa har a yankin Tafkin Cadi. Mu a nan muna da marke da darbejiya, wadda asalinta daga Indiya ne. Bincike ya tabbatar akwai sinadarai masu yaƙar ƙwayoyin cuta a cikin waɗannan itatuwa.

Shin ko kun san cewa riƙe aswaki a gefen baki ana hira ba aswaki ba ne? A fere ɓawon kamar tsawon gaɓar yatsa, a tauna har ya yi laushi ya zama gashi, in ya bushe a jiƙa shi. Sannan a bi haƙora ɗaya bayan ɗaya, daga dasashi zuwa baki, waje da ciki. A riƙa datse kan da ya tsufa kullum ko bayan kwana biyu. A hannun wanda ya iya, yana cire danƙo kamar burushi. Sai dai gashinsa a miƙe yake, yana wahalar kaiwa bayan turame, ba ya shiga matsatsi, kuma ba ya ba haƙori fulorayid daidai da makilin. Ba sai an zaɓi ɗaya an bar ɗaya ba: aswaki a lokutan salla, burushi da makilin safe da dare.

Shin ko kun san cewa azumi ba ya hana kula da baki? A mazhabar Malikiyya da muke bi, mai azumi yana iya yin aswaki da busasshen icce duk tsawon yini, ɗanye ne aka karhanta. Burushi da makilin kuwa, a yi bayan sahur kafin alfijir, a sake yi kafin barci. A watan ne ma aka fi buƙata, domin yawu yana raguwa da rana, da dare kuma ga dabino, ga kunu, ga zoɓo.

Shin ko kun san cewa gawayi, toka da dakakken gishiri kankare haƙori suke yi? Suna cire dattin goro da na shayi a ranar farko, shi ya sa ake yaba su. Amma tare da dattin suke tafiya da farin ɓawon, kuma abin da ke ƙarƙashinsa rawaya ne. Mai neman fari da gawayi, a ƙarshe rawaya yake samu, ga tsamin haƙori.

YARA

Shin ko kun san cewa ranar da haƙorin farko ya ɓullo, ranar ake fara goge shi? Yawanci yana fitowa wajen wata 6, kuma kafin shekara 3 haƙoran farko 20 sun cika. Kafin fitowarsa ma, uwa tana iya share dasashin jariri da tsabtataccen ƙyalle mai laima. Masu cewa ai za su fita a sake wasu, su tuna cewa wasu turamen farko suna kaiwa shekara 11 ko 12 a baki, kuma su ke riƙe wa na dindindin gurbi. In sun ruɓe sun fita da wuri, na bayansu su fito a cakuɗe.

Shin ko kun san cewa makilin yaro ɗan ƙasa da shekara 3 bai wuce ƙwayar shinkafa ba? Daga shekara 3 zuwa 6, kamar ƙaramar ƙwayar wake. Cika burushi daga kai zuwa gindi aikin talla ne. Yaro yakan haɗiye, kuma fulorayid in ya yi yawa lokacin da haƙora ke ƙeruwa yana bar musu tabo, irin wanda ake gani a wasu yankunan Filato da Gombe inda ya yi yawa a ruwan sha. Har yaro ya kai shekara 7 ko 8, babba ne zai goge masa ko ya tsaya a kansa. Ku tsaya ta bayansa, ya jingina kansa a jikinku, ku ɗaga leɓen ku ga abin da kuke yi.

Shin ko kun san cewa akwai haƙorin dindindin da ke fitowa ba tare da an yi famfara ba? Wajen shekara 6, turame 4 suna ɓullowa can bayan haƙoran farko. Iyaye da yawa suna ɗaukar su a na yarinta, su bar su su ruɓe, alhali su ne za su yi wa mutum tauna har tsufa. In ɗanku ya shiga aji ɗaya na firamare, ku buɗe bakinsa ku neme su, ku tabbata burushi yana kaiwa can.

Shin ko kun san cewa yawan lokutan shan zaƙi ya fi yawan zaƙin illa? Duk sanda sukari ya shiga baki, asid yana aiki a kan haƙori na minti 20 zuwa 30 ko fiye kafin yawu ya shawo kansa. Yaron da ya ci tuwon madara 5 a zama ɗaya bayan abinci, hari ɗaya aka kai wa haƙoransa. Wanda aka ba kuɗin tara ya sayi minti da safe, gullisuwa a tara, iloka a hanyar Islamiyya, hanjin ligidi da yamma, shi haƙoransa ba su huta ba. Mafi muni shi ne a kwantar da jariri da fida mai shayi ko madara mai sukari a baki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kimanin ƙaramin cokali 12 na sukari a rana, in ya tsaya a 6 ya fi. Kwalbar lemo ɗaya mai santilita 35 tana iya ɗaukar kusan cokali 9.

Shin ko kun san cewa cutar noma, mai cinye kumatu da leɓen yara, daga kumburin dasashi take farawa? Ta fi kama 'yan shekara 2 zuwa 6 masu fama da tamowa, musamman bayan ƙyanda ko zazzaɓi mai tsanani, kuma cikin kwanaki take yin ɓarna. A Sakkwato akwai asibiti na musamman domin ta tun 1999, kuma Najeriya ce ta jagoranci ƙoƙarin da ya sa a watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya ta a jerin cututtukan da aka yi sakaci da su. In an gan ta da wuri, magani yana tsayar da ita. Yaro mara lafiya mai warin baki, da dasashi mai jini, da kumburin kunci, a kai shi asibiti a ranar. Ko yana kwance, a riƙa share masa baki.

LOKACIN GANIN LIKITA

Shin ko kun san cewa ciwon suga da ciwon dasashi suna ƙarfafa juna? Suga in ya hau, dasashi yana saurin ruɓewa. Dasashi in ya kumbura, suga yana wahalar sauka. Mai juna biyu ma dasashinta yakan kumbura saboda canjin jiki, ba don jariri yana zuƙe mata haƙora ba. Ta ƙara kula da gogewa, kuma ganin likitan haƙori da ciki ba laifi ba ne, ta dai faɗa masa watanninta.

Shin ko kun san cewa ɗora ƙwayar asfirin a kan haƙori mai ciwo ƙona dasashi take yi? Ruwan batir da fetur kuwa guba ne, kada su kusanci baki. Kanumfari yana ɗan kwantar da zogi, amma ba ya cike kogo. Kuma in haƙori ya yi ta ciwo sannan ya yi shiru da kansa, sau da yawa jijiyarsa ce ta mutu, ruɓa kuma tana gangarawa saiwa. Kumburin fuska tare da zazzaɓi ko wahalar haɗiya ba ya jiran gobe.

Shin ko kun san cewa mutanen Gyaɗi-Gyaɗi da Tarauni suna maƙwabtaka da inda ake horar da likitocin haƙori? Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya, wanda aka kafa a 1988, yana da sashen haƙori, kuma a nan ɗaliban Tsangayar Likitancin Haƙori ta Jami'ar Bayero suke koyon aiki. Wasu daga wata jiha suke tasowa, mu kuwa tafiyar adaidaita ce. Kada a jira sai kunci ya kumbura. A je a duba aƙalla sau 1 a shekara, domin ƙaramin kogo cikewa ake, babba kuwa sau da yawa sai cirewa.

Shin ko kun san cewa 20 ga Maris ce Ranar Lafiyar Baki ta Duniya? An zaɓe ta ne don lissafi: yaro yana da haƙora 20, ana fatan tsoho ya riƙe aƙalla 20 nasa na asali, babba kuma ya kasance da 32 babu kogo ko ɗaya.

Duk abin da aka lissafa a nan bai fi minti 5 ko 6 a yini ba, kuma kuɗinsa bai kai na cire haƙori ɗaya ba. Rabin aikin ma mun riga mun iya, mun gaje shi daga iyaye, addini kuma ya ƙarfafa mana shi. Abin da ya rage shi ne ɗaya rabin, wato na dare. Yau bayan isha'i, in an kwashe kwanuka, kafin barci ya ɗebi yara a kan tabarma, maigida ya ɗauko butar nan ta asuba, uwargida ta fito da makilin da zare, a tsuguna tare a bakin kwata. Yaron da ya ga babansa yana yi ba sai an yi masa faɗa ba. Allah Ya ba mu lafiya, Ya sa mu tsufa da haƙoranmu.